Malam Ya Ba da Fatawa, Amma Jinin Bai Tsaya Ba: Bayani Kan Ciwon Mara da Rikicewar Al'ada

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicce mu a cikin mahaifun iyayenmu mata, mataki bayan mataki. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da iyalan gidansa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan uwa, zan fara da wani kuskure da ni da kaina na yi. Wasu shekaru da suka wuce, bayan sallar la'asar, wani bawan Allah ya ja ni gefe a bakin masallaci. Ya daɗe yana kame-kame kafin ya fito da maganar: jinin mai ɗakinsa ya kai kwana ashirin bai ɗauke ba, ga azumi ya ƙarato, yaya za ta yi? Na tambaye shi kwana nawa ta saba yi, ya ce bakwai. Na ce ta ƙara uku su cika goma, sannan ta yi wanka ta ci gaba da sallarta da azuminta, abin da ya biyo baya jinin cuta ne. Ya yi godiya ya tafi, ni ma raina fari don na ba da amsa daidai da littafi. Bayan kamar shekara biyu sai na ji an ɗauke ta ranga-ranga daga wurin sana'arta zuwa asibiti, kuma sai da aka ƙara mata jini kafin likitoci su yarda su yi mata aiki. Ashe ƙari ne a mahaifa, ya daɗe yana tsiyayar da ita a hankali. Allah Ya tashi kafaɗunta, tana nan da ranta. Har yau ban ga kuskure a hukuncin da na faɗa ba. Kuskuren shi ne ni da bakina na ce "jinin cuta", amma ban ce wa mijin ya kai ta a nemo cutar ba.

Matar da jini ya rikice mata, ko mara ta hana ta sakat, tana ɗauke da tambaya biyu. Ta farko: in yi sallah ko in bari? Ta biyu: me ke damun jikina? A Zangonninmu na Kumasi, daga Aboabo da Asawase zuwa Sabon Zango da Tafo, ta farkon ce kawai ke isowa wurin malami, sau da yawa ma ta bakin miji ko ta bakin wata tsohuwa. Ta biyun takan tsaya a ɗaki, a bi ta da jiƙo da haƙuri.

Sahabiyyai ba haka suka yi ba. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa Fatima 'yar Abu Hubaish ta je da kanta wurin Manzon Allah (SAW) ta gaya masa jini ba ya ɗauke mata, shin ta bar sallah? Ya bayyana mata cewa wannan jijiya ce ke zubarwa, ba haila ba ce, sannan ya koya mata yadda za ta yi. Ku lura da amsar. Bai ce aljani ba ne, bai ce sammu ba ne, bai ce wani zunubi ta yi ba. Ya nuna mata sanadi a cikin jiki. Ummu Habiba 'yar Jahshin ta yi shekara bakwai da irin wannan jinin, kuma labarinta yana cikin littattafan da muke karantarwa. Nana A'isha (RA) kuwa yabon matan Ansar ta yi saboda kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Tunda an ce jijiya ce, to tambayar wace jijiya, kuma me ya taɓa ta, aikin masu ilmin jiki ne, kuma sun yi nisa a kansa.

Bari mu tuna abin da muka karanta tun daga Ahalari da Iziyya har zuwa Risala. A mazhabar Imam Malik mafi yawan kwanakin haila goma sha biyar ne. Wadda ta fara gani a karon farko tana jira har sha biyar. Wadda ta riga ta san al'adarta, idan jini ya zarce, tana ƙara kwana uku a kan mafi tsawon abin da ta saba, muddin ba ta wuce sha biyar ba. Mafi ƙarancin tsarki tsakanin haila biyu shi ma kwana sha biyar ne. Abin da ya fita daga wannan iyaka shi ne istihala: ta yi wanka, ta yi sallah, ta yi azumi, mijinta kuma ya halatta gare ta. Hanafawa sun tsaya a kwana goma.

Likitocin mata kuwa ma'auninsu daban ne. A wurinsu jinin al'ada na mai lafiya ba ya wuce kamar kwana takwas. To a nan ne ramin yake. Matar da ke yin kwana goma sha biyu kowane wata tana cikin iyakar fiƙihu sarai, babu malamin da zai ga wani abu, ita ma ba ta da dalilin zuwa tambaya. Amma a wurin likita wannan mata ce da ya kamata a duba. Iyakar da malamai suka sa ta ibada ce, don mace ta san ranar da sallah ta hau kanta. Ba su taɓa cewa duk abin da bai kai sha biyar ba lafiya ne.

Yawan jinin ma an auna shi. A shekarar 1966 wani likita mai suna Hallberg da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon awon da suka yi wa mata 476 a birnin Gotenbag na ƙasar Suwidin. Daga aikinsu aka samo ƙa'idar da aka daɗe ana amfani da ita, cewa jinin da ya wuce mililita 80 a al'ada ɗaya ya yi yawa, domin daga nan ƙarancin jini ke fara bayyana. Mililita 80 kusan kashi ɗaya ne cikin shida na ledar fiya wata. Ba wadda za ta zauna tana awo a gida, shi ya sa likita ke tambaya da alamu: kina canza ƙunzugu ko audugar mata duk awa ɗaya ko biyu? Kina tashi cikin dare don canzawa? Jini na fita guda-guda manya? Kina jin jiri, ko haki idan kin hau bene, ko bugun zuciya? Wadda ta amsa da "e" ba ragwanci ke damunta ba, jininta ne ke ƙarewa.

Yanzu mu zo ga yadda Allah Ya tsara abin, domin sai an san tsarin ake gane inda ya karkace. Akwai wasu sinadarai da jiki ke sakewa a cikin jini su kai saƙo daga wata gaɓa zuwa wata, ana ce musu homon. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar halitta da ba ta fi ƙwayar wake ba, ita ke aika wa ma'ajiyar ƙwan mace umarni kowane wata. Ma'ajiyar sai ta saki homon na farko, istirojin, wanda ke sa mahaifa ta yi shimfiɗa mai kauri a cikinta, kamar yadda ake gyara ɗaki don baƙo. Kamar kwana sha huɗu kafin al'ada ta gaba ƙwai yakan fito, sai homon na biyu, furojestaron, ya riƙe shimfiɗar. In ciki ya shiga, shi ke nan, ta zauna. In bai shiga ba, homon ɗin biyu su sauka, shimfiɗar ta saɓule ta fito. Wannan shi ne jinin haila. Ba dauɗar da ta taru a jiki ba ce kamar yadda wasu ke faɗa.

Daga ina ciwon yake zuwa? An daɗe a ƙasashen Turai ana cewa raki ne ko damuwar zuciya, kamar dai yadda muke cewa a gidajenmu. Sai wani masani a Birtaniya mai suna Pickles ya nuna, a wajajen ƙarshen shekarun 1950 zuwa na 1960, cewa a cikin jinin al'ada akwai wani sinadari da ke sa tsoka ta murɗe. Sunansa furostagilandin. Idan ya yi yawa, mahaifa takan matse da ƙarfi har ta shaƙe jijiyoyin da ke kai mata jini, sai ciwo ya taso, wani lokaci da amai da gudawa da ciwon kai. An kuma gano cewa matan da suka fi shan wahala sun fi yawan wannan sinadarin. A 1971 John Vane ya gano a Landan cewa asfirin da dangoginsa suna aiki ne ta hanyar hana jiki haɗa furostagilandin, aikin da ya sa ya samu rabo a kyautar Nobel ta 1982. Wannan ne dalilin da ya sa magunguna irin su ibufurofen ke sauƙaƙa ciwon mara, kuma suka fi aiki idan an sha da zarar alamu sun fara, kafin ciwon ya kankama. Sai dai ba a shan su a kan yunwa, kuma mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko mai juna biyu ba ta taɓa su sai da izinin likita. An gwada ɗumama mara da abu mai ɗumi aka ga yana taimakawa, haka nan wasu ƙananan gwaje-gwaje, da yawansu a Iran, sun nuna citta na rage ciwon. Ashe kakanninmu ba su yi ƙarya ba a kan ruwan ɗumi da citta. Tiramadol kuwa, wanda ya lalata mana samari a unguwanni, ba abin da yarinya za ta saya a kemis don ciwon mara ba ne.

Wannan shi ne ciwon mara na yau da kullum, wanda ke farawa tun budurci, ya yi kwana ɗaya zuwa uku ya tafi. Akwai kuma wanda alama ce ta wata cuta a ɓoye, kuma shi ne dalilin wannan rubutu.

Ƙarin mahaifa, wanda a asibiti ake kira faiburod, kusan kowane gida ya san shi. Tsiro ne na tsokar mahaifa, ba sankara ba ne, homon ne ke ciyar da shi, shi ya sa yakan motse bayan mace ta daina al'ada. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2003, wanda aka yi da na'urar hoton ciki a birnin Washinton, ya ƙiyasta cewa kafin shekara hamsin sama da kashi 80 cikin ɗari na baƙaƙen mata suna samun sa, fararen mata kuwa kusan kashi 70. A wurin baƙar fata yakan zo da wuri, ya kuma fi girma. Mata da yawa suna da shi ba ya damun su, ba kuma sai an taɓa shi ba. Wanda ke kawo zubar jini ko nauyin mara ko ɓari shi ake yi wa magani, kuma ba kowane ne ke kai wa ga cire mahaifa ba. Akwai magungunan rage jini, akwai aikin cire ƙarin a bar mahaifa. Jinkiri ne ke rage zaɓi.

Wadda ta fi ɓuya ita ce cutar da ake kira endometiriyosis, kuma a kanta nake so mu ɗan tsaya. Wani nama mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa ne ke tsirowa a wajen mahaifa: a kan ma'ajiyar ƙwai, ko bututun da ƙwai ke bi, ko bayan mahaifa, ko jikin hanji da mafitsara. Shi ma yana jin kiran homon kowane wata, ya kumbura ya yi jini, amma ba shi da ƙofar fita. Sai wurin ya yi ta kumburi, ya yi tabo, har gaɓoɓi su manne da juna. Mai wannan cuta tana fama da ciwon al'ada da ke kwantar da ita, da zafi mai zurfi lokacin saduwa da miji, da zafi wurin bahaya ko fitsari a kwanakin al'ada, wasu kuma haihuwa ta yi musu wuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mace ɗaya cikin goma na masu shekarun haihuwa na da ita, wato kimanin miliyan 190. Ku ƙirga matan da ke sahun baya ranar Juma'a ku yi lissafi.

Likitoci sun yi shekaru da yawa suna koyar da cewa wannan cutar fararen mata masu hali ce, baƙar mace ba ta cika samun ta ba. Saboda haka idan baƙar mace ta zo da ciwon mara sai a ce cutar saduwa ce, a ba ta maganin ƙwayoyin cuta a sallame ta. A 1976 wani likitan mata baƙar fata a Chikago, Donald Chatman, ya buga abin da ya gani da idonsa ta hanyar leƙa cikin marasa lafiyarsa da na'ura: da yawa daga waɗanda aka ce cutar saduwa ce, endometiriyosis ce. A kusa da mu kuma, wani bincike da aka yi a Ibadan aka buga a 2015 ya duba mata 239 da aka yi wa irin wannan leƙen ciki, aka sami cutar a jikin kusan rabinsu. A kula, waɗannan mata ne da damuwa ta riga ta kai su asibiti, ba a ce rabin matan gari ba. Amma ya isa ya rushe zancen cewa ba ciwonmu ba ne. Wani binciken na 2011 da ya haɗa ƙasashe goma, har da Najeriya, ya gano cewa mace kan yi kusan shekara bakwai tana fama kafin a faɗa mata sunan abin da ke damunta.

Shekara bakwai! A cikinsu me ake gaya wa yarinya a gidajenmu? "Ki yi haƙuri, in kin yi aure zai bari." In ta yi auren bai bari ba, "in kin haihu zai bari." In haihuwar ba ta zo ba, sai a koma kan kishiya ko dangin miji ko aljanin dare. In ta ce saduwa na yi mata zafi, a ce ƙin miji take yi, a kawo ƙararta wurinmu mu karanta mata hadisan biyayya. Na zauna a sulhun aure irin wannan ba sau ɗaya ba, kuma yanzu idan na tuna wasu daga ciki jikina yakan yi sanyi. Aure ba maganin wannan cuta ba ne. Ciki yakan kwantar da ita na ɗan lokaci saboda al'ada ta tsaya, sau da yawa kuma ta dawo. Ruƙiyya da addu'a sunna ne, ni ma ina yi ina kuma umarni da su, amma Annabin da ya koya mana ruƙiyya shi ne ya umarce mu da neman magani, ya kuma sanar da mu cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta.

Sai kalmar nan da ta zama buhun da ake zuba kome a ciki, wato "sanyi". Ƙaiƙayi sanyi, ciwon mara sanyi, rashin haihuwa sanyi. Masu lasifika a tasha da bakin kasuwa suna da kwalba ɗaya da ke maganinsa duka. Gaskiya ne akwai cutar da ke hawa daga farji zuwa mahaifa da bututun ƙwai, tana zuwa ta hanyar saduwa ko bayan haihuwa ko ɓarin da ba a kula da shi da tsafta ba, kuma in an yi sakaci tana toshe bututu. Irin wannan ana gwaji ne a ba da magani na ƙayyadaddun kwanaki, kuma dole mijin ya sha, in gidan mata biyu ko uku ne a duba kowa, in ba haka ba ana yi ne ana komawa. Cushe-cushen da ake yi da sunan matsi ko tsafta kuwa ƙara ɓata wurin suke yi.

Akwai kuma wadda ta shafe mu a Ghana musamman, ita ce tsargiya. Mun san ta a yara maza masu fitsarin jini. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ƙwan tsutsar yakan maƙale a bakin mahaifa da farji da bututun ƙwai, ya kawo ciwon mara, da ruwa mai ƙaiƙayi, da jini bayan saduwa, har da rashin haihuwa. An ƙiyasta mata da 'yan mata miliyan 56 a Afirka kudu da Sahara na ɗauke da ita. Tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965 tafkin Volta ya cika, cutar ta yaɗu a garuruwan bakin ruwa. Mu kuwa mutane nawa ne a Zango ke da dangi ko fataucin kifi a Yeji da Buipe da Kete Krachi? Yarinya ta je hutu ta yi wanka ko wanki a tafki, shi ke nan ta ɗauko. Alamunta sun yi kama da na cutar saduwa ƙwarai, har ma'aikatan lafiya kan ruɗe. Ku duba girman abin: budurwar da namiji bai taɓa kusantar ta ba a zarge ta da fasiƙanci saboda ruwan da ta shiga. Allah Ya hana mu yawan zato a Suratul Hujurat, Ya kuma sa bulala tamanin a kan mai yi wa kamammiyar mace ƙazafi a Suratun Nur. Maganin tsutsar, furazikwantal, shi ne wanda ake raba wa yara a makarantu. Duk wadda ta taɓa zama a bakin ruwa ta gaya wa likita, ko da bai tambaya ba.

Tunda homon ne ke ciyar da endometiriyosis da ƙarin mahaifa, da yawa daga magungunansu na homon ne: ƙwayoyin da aka sani da na tazarar haihuwa, ko allura, ko ɗan abin da ake sawa a mahaifa mai sakin homon a hankali. A nan ne mutanenmu ke ja da baya. An rubuta wa budurwa ƙwayar tazara, uwa ta ce ana so a lalata mata 'ya. An rubuta wa matar aure, miji ya ce ana so a hana shi zuriya. Ni kuwa abin da ke ba ni mamaki shi ne kowace shekara hajiyoyinmu na shan ƙwayar ɗage al'ada don su samu ɗawafi, malamai sun halatta muddin ba cutarwa, ba wanda ya ce uffan. Ita ma homon ce, dangin waɗancan. Yaya abin da ya halatta don tafiyar mako biyar zai haramta don ceto mace daga ciwon shekaru? Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta halatta tazara ta ɗan lokaci bisa shawara da yardar ma'aurata, ta kuma hana yanke haihuwa gaba ɗaya sai da lalura. Wadda ake ba wa don magani ma ba tazarar ce manufarta ba.

Ba na cewa ba su da illa. Ƙwayar da ta haɗa homon biyu ba ta dace da mai hawan jini ko wadda ta taɓa samun daskarewar jini a jijiya ko mai wani nau'in ciwon ɓarin kai ba, shi ya sa ba a karɓar ta daga hannun maƙwabciya. Allurar wata uku takan jinkirta dawowar ɗaukar ciki da watanni bayan an daina, amma ba ta kashe mahaifa. Wadda ke neman haihuwa yanzu ta faɗa tun farko, domin hanyarta daban ce. Kuma waɗannan magunguna kan kawo ɗige-ɗigen jini a watannin farko. Hukuncinsa a mazhabarmu shi ne ta tattara kwanakin da ta ga jini kawai ta lissafa, duk ranar da ya ɗauke ta yi wanka ta yi sallah, idan jimillar ta cika al'adarta da ƙarin kwana ukun nan, abin da ya biyo baya istihala ne.

"To Malam, in likitan namiji ne fa?" Majalisar Fiƙihun nan ta amsa wannan a zamanta na Burunai a 1993. A fara neman likita mace Musulma, in babu sai mace wadda ba Musulma ba amintacciya, in babu sai namiji Musulmi, in babu sai wanda ba Musulmi ba. A buɗe gwargwadon buƙata kawai, kuma a kasance da miji ko muharrami ko wata mace amintacciya. A asibitin Komfo Anokye, wanda muka fi sani da Gee, da asibitocin gwamnati irin na Manhyia da Suntreso, mace na da damar ta nemi wata ma'aikaciya ta tsaya tare da ita. Sau da yawa ma abin yakan fara ne da tambayoyi da gwajin jini da hoton ciki. Jagorar da ƙungiyar likitocin haihuwa ta Turai ta fitar a 2022 ta ce ba lallai sai an yi aikin leƙen ciki kafin a fara wa mai alamun endometiriyosis magani ba. In kuwa ƙarancin likitoci mata ya dame mu, to 'ya'yanmu mata ne za su cike gurbin, kuma ga makarantar likitanci ta KNUST a garinmu. Game da kuɗi, na san ɗalibai za su ce malaman farko da yawa ba su sa kuɗin magani cikin ciyarwar da ta wajaba a kan miji ba. Haka ne. Amma Shaikh Wahba az-Zuhaili da wasu malaman zamani sun ce a yau magani ya zama kamar abinci, kuma ra'ayin da nake kai ke nan. Mafi ƙaranci, maigida ya sabunta mata katin inshorar lafiya kafin ya mutu.

Saura maganar shiga bincike. Duk abin da na kawo a sama an san shi ne saboda wasu mata sun yarda an auna su an rubuta. Ɗaya daga dalilan da ilmin ciwon mata ya yi baya shi ne a 1977 hukumar magunguna ta Amurka ta ba da shawarar a cire matan da ke iya ɗaukar ciki daga matakan farko na gwajin magani, sai a 1993 aka yi dokar da ta wajabta sa mata a binciken da gwamnati ke biya. Mu kuma muna da namu dalilin ɗari-ɗari. Ba mu manta da Kano a 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya ƙunshi yara kusan 200, goma sha ɗaya suka rasu, aka yi ta shari'a a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka yi sulhu da gwamnatin jihar a 2009. Amma a jiharmu ta Ashanti ne kuma iyaye mata suka kai jariransu gwajin rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Agogo, kuma a Kumasi aka fara gwajin sikila ga jarirai a 1995 ƙarƙashin Farfesa Ohene-Frempong. Idan an zo wa mace da takardar bincike, haƙƙinta ne a yi mata bayani da harshen da take ji, a gaya mata wace hukuma ta amince da shi, a ba ta kwafin takardar, a ɓoye sunanta. Tana iya ƙi, tana iya fita a tsakiya, kuma hakan ba zai taɓa kulawar da ake ba ta ba. Ta yi shawara da mijinta, amma sa hannun ko dangwalen nata ne.

Abin da nake roƙon kowace mace da kowace ɗaliba shi ne ta sami ɗan littafi, ko ta yi amfani da wayarta. Ta rubuta ranar da jini ya fara da ranar da ya ɗauke, ƙunzugu nawa ta canza a rana, ko akwai gudaji, wace rana ciwo ya zo kuma a ina, ko ya hana ta makaranta ko kasuwa ko tsayuwa a sallah, da maganin da ta sha. Wata uku sun isa. Da wannan lissafin malami zai raba mata haila da istihala ba tare da kintace ba, da shi kuma likita zai fara aikinsa. Malaman makarantun Islamiyya da ke karantar da babin haila su koyar da shi tare da babin. Mu kuma masu amsa fatawa, duk wanda aka kawo wa tambayar jinin da ya zarce, ya ƙara jimla ɗaya bayan hukuncin: a kai ta asibiti.

Akwai halayen da ba a jiran wata uku. Matar da al'adarta ta makara sannan ta ji ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, da jiri ko suma, a kai ta asibiti a wannan sa'ar ko da tsakar dare ne, domin yana iya zama ciki ne ya zauna a bututu ya fashe, kuma yana kisa cikin awoyi. Haka ciwon mara mai zuwa da zazzaɓi mai zafi, da jinin da ke jiƙa ƙunzugu duk awa. Jini bayan saduwa, da jinin da ya dawo wa wadda ta shekara da daina al'ada, ko da ɗigo ɗaya ne, a je a duba bakin mahaifa a cikin makon. Allah Shi ne Mafi sani.